Jirgin Sama a Cikin Kwamfuta: Muhawara Kan Sabuwar Fuskar FlightGear

Masu karatu sun sani lokacin da yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 an rufe filin jirgin saman Khartum, zirga-zirga ta koma Port Sudan, karatun yara da yawa kuma ya tsaya. To, ga samarinmu na Dar Salam da sauran unguwannin Omdurman masu burin tuƙin jirgi, akwai wata hanya ta somin-taɓi wadda ba ta bukatar kuɗi sai kwamfuta. Sunanta FlightGear.

Ita dai FlightGear manhaja ce mai kwaikwayon tuƙin jirgin sama. Mutum zai zauna gaban na'ura ya tashi jirgi, ya bi taswira, ya sauka, kuma ko ya faɗo ba wanda zai ji ciwo. An soma aikinta a 1996, Curtis Olson na cikin jagororinta, kuma masu sa kai ne daga ƙasashe dabam-dabam suke gina ta. Kyauta ce, rubutun da aka gina ta da shi kuma a buɗe yake ga kowa ya gyara. Mu a nan mun san darajar wannan, domin takunkumin Amurka daga 1997 zuwa 2017 ya hana mu sayen manhajoji da dama ta halattacciyar hanya.

Abin da ya daɗe yana ci wa masu aikin tuwo a ƙwarya shi ne fuskar manhajar, wato tagogi da madannai da jerin zaɓi waɗanda ake latsawa a canza yanayi ko a zaɓi filin jirgi. Ba a ƙera irin waɗannan ɗaya-ɗaya. Akwai akwatin kayan aiki da magina ke ɗauka a shirye, kamar yadda kafinta ke sayen ƙusa da pata a kasuwa. Akwatin da FlightGear ta tashi da shi ana ce masa PUI, wani sashe na PLIB da Steve Baker ya rubuta, kuma rabon da a fitar da sabon PLIB tun 2008. Tsohuwar hanyar zanen hoto yake bi, wadda ke hana manhajar cin moriyar sababbin na'urori, musamman na Apple. Ga kuma abin da ya fi shafarmu: baƙaƙen Turawan Yamma kawai ya sani. Bai san ƙ da ɗ da ɓ ba, balle Larabci.

Da aka zo neman magaji, Qt ce ta fara zuwa bakin mutane. An ƙirƙiro ta a Norway, ta fito a 1995, kuma manyan ayyuka irin su KDE a kanta suke tsaye. Ta iya rubutu daga dama zuwa hagu, ta iya haɗa baƙaƙen Larabci yadda ya kamata. A 2015 James Turner ya yi amfani da ita ya gina tagar farko da ke tarbar mutum, inda zai zaɓi jirgi da wurin tashi. Kafin nan sai mutum ya rubuta dogon umarni ko ya nemi wata manhaja daban. Amma shigar da Qt cikin jirgin kansa magana ce dabam. Tana da nauyi, kuma sai an sasanta ta da OpenSceneGraph, injin da ke zana sama da ƙasa tun 2008, domin kowannensu so yake shi ke riƙe da allo.

Ɗaya zaɓin kuwa ɗan gida ne, Canvas, wanda ya shigo a 2012 don zana allunan da ke gaban matuƙi. Ba ya jawo wani kaya daga waje, amma kowane madanni sai an ƙera shi da hannu, ga masu aikin ba su da yawa, kuma da dare suke yi bayan sun tashi daga neman abinci. Akwai ma Phi, wadda ake sarrafa jirgi da ita ta wayar hannu.

Wahalar gaske tana ga jiragen. Ɗaruruwa ne, kowanne da tagoginsa da wani ya rubuta shekaru da suka wuce, wasu marubutan ma sun daɗe da barin aikin. Duk akwatin da zai sa a sake rubuta su ya kashe su ke nan. Shi ya sa masu aikin suka karkata ga barin Qt a bakin ƙofa, Canvas kuma ya karanta tsofaffin tagogin yadda suke ya zana su da sabon hannu.

A ganinmu wannan rabo ya yi daidai, ko don yaron da kwamfutarsa tsohuwa ce kuma wuta ba ta zama. Sai dai Larabci zai fi samun sauƙi a ɓangaren Qt, inda aka riga aka gama wahalar haɗa baƙaƙe. Fassarar kalmomin kuwa masu sa kai ke yin ta, Faransawa da Jamusawa da Sifaniyawa duk sun yi tasu, kuma fayilolin a buɗe suke ga duk ɗan Dar Salam da ya iya Hausa da Larabci da ɗan Turanci.