Iskar da ke kwance a cikin batirin wayarka

A bakin kasuwar Daura za ka ga teburin mai caji, wayoyi jere kamar an shanya barkono, janareta na tari a gefe. A cikin batirin kowace waya akwai sinadarin etilin kabonet, wanda rabin nauyinsa kabon dayoksaid ne, irin iskar da janaretan ke furzarwa. Giram 44 na iskar ake aurar wa giram 44 na wani sinadari, etilin oksaid, a sami giram 88 cif, babu ko ɓurɓushin da za a zubar. Danginsa ake kira kabonet masu zobe, saboda ƙwayarsu ta kulle kamar zobe.

Sai dai iskar nan akwai nawa. Ba ta motsi sai an zuga ta. Uwargida ta san aikin kanwa a tukunyar wake: tana sa shi ya nuna da wuri, amma ta narke ta bi romo, gobe sai an sayo wata. Haka gishirin ayodin da masana'antu suka daɗe suna zuga iskar da shi. Narkewa yake yi, raba shi da kayan sai da wahala, ga zafin da ya haura digiri 100, ga matsin iska mai cin wuta. Shi ya sa masana ke neman mai zuga daskararre, gari ko 'yan tsakuwa, wanda za a tace, a wanke, a mayar tukunya.

A 1999 Kiyotomi Kaneda da abokan aikinsa a Jami'ar Osaka ta Japan suka nuna cewa gaurayen oksaid na magniziyam da alminiyam yana yin aikin. Michael North a Newcastle ta Ingila ya fito a 2007 da wani mai zuga na alminiyam da ba ya buƙatar zafi ko matsi, daga baya aka kafa shi a jikin silika.

Alminiyam da silika kuwa su ne jikin farar ƙasar Ƙanƙara, a nan Jihar Katsina. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun sha sarrafa ta zuwa ziyolait, dutse mai ƙananan ramuka da ake ɗora irin waɗannan sinadarai a kai. Yana damuna in ga ana lodin ta ɗanya a buhu, alhali Daura na da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ɗalibanta za su iya gwada ta.

Kada dai a ɗauka mayar da iskar kabonet zai rage ɗumamar yanayi har ya tare kwararowar hamada a Zango ko Ɓaure. Iskar da kasuwar kabonet ke sha kaɗan ce ƙwarai, kuma etilin oksaid ɗin daga man fetur da iskar gas yake fitowa. Amfaninsa na sana'a ne. Gwajin da ake buƙata a ɗakin bincike shi ne a ƙirga zagaye nawa garin mai zuga zai yi kafin ƙarfinsa ya zube, musamman in iskar ta zo da damshi da hayaƙi, kamar yadda take fita daga bututun kamfanin siminti na Kalambaina a Sakkwato.