Ruwan Gishiri da Ribar Kashi 30: Auna Labari Kafin a Yarda da Shi

Da asubahin Juma'a, 8 ga Agustan 2014, wayoyi suka dinga ruri a gidaje da yawa a faɗin Najeriya. Uwa ta kira ɗanta da ke makaranta, wa ya kira ƙanwarsa da ke gidan miji, kowa da saƙo ɗaya: a tashi tun gari bai waye ba, a ɗora ruwa a zuba gishiri, a yi wanka, a kuma sha, wai shi ne rigakafin Ebola. A wannan ranar, Ministan Lafiya na lokacin, Farfesa Onyebuchi Chukwu, ya fito ya ƙaryata maganar. Amma aikin gama ya riga ya gama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla mutum biyu sun rasu saboda shan ruwan gishirin, wasu kuma sai da aka kwantar da su a asibiti, domin gishiri mai yawa yana tayar da hawan jini yana kuma wahalar da ƙoda.

Abin lura shi ne, cutar kanta a Legas da Fatakwal kawai ta tsaya. Ji-ta-ji-tar ce ta karaɗe ƙasa cikin dare ɗaya.

Waɗanda suka yi wankan ba jahilai ba ne. Akwai malaman makaranta a cikinsu, akwai ma'aikatan banki, akwai masu digiri. Tsoro ne ya zo, aka haɗa shi da gaggawa, sannan saƙon ya fito daga bakin wanda ake ƙauna. Wa zai tsaya gardama da mahaifiyarsa da ƙarfe huɗu na dare? Duk labarin da ya zo yana cewa a yi yanzu-yanzu, kada a tsaya tambaya, a tura wa mutum goma, to gaggawar nan ita ce alamar farko da ya kamata ta sa mai hankali ya dakata. Mahaifiyar tasa gaskiya ta faɗa iyakar saninta, ita ma gaya mata aka yi. Tambayar da ba a yi ba ita ce: wa ya fara faɗa, kuma shi ina ya sani?

Wannan tambaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna a zauren karatu ya san cewa malaman hadisi ba sa karɓar "an ce". Sai sun bi isnadi mutum bayan mutum: wane ne wannan, ya haɗu da wanda ya ce ya ji daga gare shi, yana da riƙo ko mai mantuwa ne, an taɓa kama shi da ƙarya? Bayan haka su auna matanin kansa. Imam Bukhari, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan hijira, ya shafe kimanin shekara 16 yana tace ruwayoyi dubu ɗaruruwa kafin ya fitar da 'yan dubban da ya aminta da su. Suratul Hujurat ma ta yi umarni da neman tabbaci idan labari ya zo, don kada a cutar da mutane cikin rashin sani a dawo ana nadama. Abin mamaki, mutumin da ba zai karɓi hadisi ba sai ya ji ingancinsa, shi ne zai tura muryar wanda bai sani ba zuwa rukunin WhatsApp biyar, da sunan "a taimaka a yaɗa".

Idan tsoro ne ya rufe ido a 2014, bayan shekara biyu kwaɗayi ne ya karɓi aikin. A 2016 aka shiga yayin MMM, tsarin da ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a kowane wata. Wanda ya ƙirƙiro shi, Sergei Mavrodi, ɗan Rasha ne da irin wannan tsari nasa ya ruguje a ƙasarsa tun 1994, har daga baya aka ɗaure shi saboda zamba. Wannan tarihi ba ɓoyayye ba ne, yana nan a intanet ga duk wanda ya nema. Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi, aka ce hassada ce, ba a son talaka ya samu. A watan Disambar 2016 MMM ta rufe asusun jama'a. Daga baya hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, ta ce kimanin mutum miliyan uku sun yi asarar kusan naira biliyan 18.

Lissafin ɗan firamare ya isa ya tona asirin. Naira dubu 100 da ke ƙaruwa da kashi 30 duk wata, idan ba a taɓa ta ba, za ta haura miliyan biyu da dubu ɗari uku cikin shekara ɗaya. A shekara biyu ta wuce miliyan 54. Wace sana'a ce ke haifar da haka? Dillalin hatsi a Dawanau bai san ta ba, mai shago a Kantin Kwari bai san ta ba, kuma da akwai ta, da su za su fara rufe shagunansu su koma can. Matan da ke zubin adashi sun fi kowa gane wannan: abin da aka zuba shi ake kwasa, kuɗi ba ya haihuwa a hannun uwar adashi. In kuwa wani ya kwashi fiye da abin da ya zuba alhali ba a sayi komai an sayar ba, to kuɗin wani ya kwasa.

Sai dai mai shiga ba lissafi yake dubawa ba, maƙwabcinsa yake kallo wanda aka biya har ya sayi babur. A nan tarkon yake. Ana biyan na farko da kuɗin na baya, domin su zama shaida, su jawo 'yan uwansu da abokansu. Wanda ya samu yana ta yaɗa labari, wanda ya yi asara kunya ta rufe masa baki, sai kunne ya riƙa jin ɓangare ɗaya kawai. Kuma da zarar mutum ya sa kuɗinsa, zuciyarsa ba ta son jin wanda zai ce masa ya yi kuskure. Sai ya koma neman maganar da ta dace da abin da yake fata. Shi ya sa tambaya mafi wuya ita ce wadda mutum zai yi wa kansa: me zan gani da zai nuna mini na yi kuskure? Wanda ya ce babu, ya daina auna hujja ke nan. A watan Afrilun 2025 wani tsarin mai suna CBEX, da ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ya rufe da dukiyar jama'a, har hukumar EFCC ta shiga bincike. Suna kawai aka sauya.

Wasu hanyoyin tantancewa ba sa cin ko minti biyar. Saƙon WhatsApp da ya sha yawo yana ɗauke da alamar kibiya biyu a samansa, wato wanda ya turo shi ba shi ya rubuta ba. Hoton gawarwaki ko gobara ana iya sa shi a Google Lens a ga ko tsoho ne, ko ma daga wata ƙasa aka ɗauko shi. Kamfanin da ke karɓar jarin jama'a dole ya kasance da rajista a hukumar SEC, kuma takardar rajistar kamfani ta CAC da suke ɗagawa ba izinin karɓar jari ba ce. Maganar magani kuwa, a kai ta wurin likita ko ma'aikacin lafiya kafin a kai ta baki.

Kada a ɗauka cewa wayo shi ne ƙaryata komai. Mai cewa "duk ƙarya ce" bai fi mai cewa "duk gaskiya ce" wahalar da ƙwaƙwalwarsa ba. Dukansu sun huta da bincike. A cikin labarin Ebola ɗin nan akwai misalin abin da ake nufi. Wani mutum mai suna Patrick Sawyer ya sauka a Legas daga Laberiya ranar 20 ga Yulin 2014 yana fama da zazzaɓi, aka fara yi masa maganin maleriya, ya kuma musanta cewa ya kusanci mai Ebola. Likitar da ke duba shi, Dakta Stella Ameyo Adadevoh, ta dubi inda ya fito, ta dubi alamomin jikinsa da yadda magani ya ƙi ci, ta ƙi gamsuwa da maganar bakinsa. Aka matsa mata lamba ta sallame shi ya tafi taron ECOWAS a Kalaba, ta ƙi, ta sanar da hukuma, aka gwada jininsa aka tabbatar. Ita kanta ta kamu, ta rasu ranar 19 ga Agusta. Mutum 20 ne suka kamu a duk ƙasar, takwas suka rasu, kuma ranar 20 ga Oktoban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu sauran Ebola a Najeriya.