Yaushe Ya Kamata Ka Canza Katifa da Gado?

Mai karatu, kusan kashi ɗaya cikin uku na rayuwarka a kan shimfiɗa kake yin sa. Manomin da ya kwana a kan katifar da ta lalace yakan tashi da ciwon baya, aikin gona ya yi masa nauyi.

A Waca da ƙauyukan Magariya da Dungas, yawancin katifu iri biyu ne: ta soso da ta auduga. Katifar soso mai kyau takan yi shekara 7 zuwa 10. Maras kauri ba ta kai haka.

Ga yadda za ka gane ta gaji. Ɗora miƙaƙƙiyar sanda a kan katifar. Idan yatsunka uku suka shige ƙarƙashin sandar a tsakiya, ta lotsa. Idan soson yana marmashewa, ko tana warin ruma ko bayan an shanya ta, lokacin canji ya yi. Ruma da ƙura suna tayar da tari da asma. Katifa mai rami kuma haɗari ce ga jariri, domin fuskarsa tana iya nutsewa, numfashinsa ya toshe.

Katifar auduga tana gyaruwa. A farke ta, a shanya audugar, a buge ta, a ƙara sabuwa, a sāke ɗinkewa.

Kafin ka sayi sabuwa, duba gadon. Sau da yawa laifin nasa ne. Gara tana cin gadon kara da na katako, musamman da damina. Gadon ƙarfe yakan yi tsatsa, tsakiyarsa ta lanƙwashe. Sabuwar katifa a kan karyayyen gado ba ta daɗewa. Bayan kaka, lokacin da sabon kara ya wadata, shi ne lokacin sabunta gadon kara.

Kuɗin cizo yana ɓuya a ɗinkin katifa da tsagar gado. Alamarsa baƙaƙen ɗigo da tabon jini. Zuba tafasasshen ruwa a mahaɗan gado, ka shanya katifa a rana mai zafi. Kada ka fesa maganin ƙwarin gona a kan shimfiɗa. Guba ne, yana iya kashe yaro.

Riƙa juya katifarka duk wata uku. Kullum dare kuma, cusa bakin gidan sauro a ƙarƙashinta, don kare iyalinka daga zazzaɓin cizon sauro.