Yadda ake rubuta takardar neman aikin ƙirar kayan masana'anta

Duk buta ko bokiti ko kujerar roba da ke jibge a rumfunan Kasuwar Sabon Gari ta Kano, akwai wanda ya zauna ya tsayar da tsawonta da kaurinta da inda mariƙinta zai zauna, tun kafin inji ya fitar da ta farko. Wannan aiki shi ake kira ƙirar kayan masana'anta, kuma fanni ne da ake karantawa har matakin digiri, domin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashe guda a kansa. Sai dai iya zane daban, samun wanda zai zuba kuɗinsa a kan zanen kuma daban. Abin da ke sada mai zane da mai kuɗi shi ne takardar gabatar da aiki.

Mai karanta wannan takarda yana iya zama mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, ko babban dillalin da ke son a yi masa kaya da tambarinsa, ko jami'in Bankin Masana'antu, wato BOI, ko ma'aikacin gwamnati da aka ɗora wa tantance masu neman tallafi. Dukkansu kyawun hoto yana burge su na ɗan lokaci, amma da sun juya shafi abin da suke nema shi ne nawa za a kashe, yaushe kuɗin zai dawo, kuma wa zai mallaki ƙirar idan ta karɓu. Ya kamata a lura cewa wannan takarda ta bambanta da tsarin kasuwanci, wanda ke bayyana tafiyar kamfani baki ɗaya na shekaru. Ita aiki guda take magana a kansa, mai ranar farawa da ranar gamawa.

A fara da matsalar da kasuwa ta sani

A ɗauki misalin matashin da ke son sake fasalin butar roba. Idan ya buɗe takardarsa da tarihin karatunsa da jerin takardun shaida, ya ɓata shafin da ya fi kowane daraja. Shafin farko na matsala ne, kuma matsalar da mai karatu zai gane da kansa: mariƙin da ke tsagewa bayan 'yan watanni, ko bakin da ke zubar da ruwa ta gefe, ko gindin da ba ya zama daidai a ƙasa.

Akwai kuma matsalar da mai saye bai san da ita ba, amma dillali yana kwana da ita. Bokiti ana cusa ɗaya cikin ɗaya, ashirin su ci wurin uku ko huɗu. Buta ba ta cusuwa, don haka wanda ya cika mota da ita daga Kano zuwa Maiduguri ko Maraɗi, rabin kuɗin motarsa iska ya biya wa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin dako ya zama babban kaso a farashin kaya marasa nauyi irin waɗannan. Mai zanen da ya iya nuna cewa siffarsa za ta ƙara yawan butocin da mota ɗaya ke ɗauka ya riga ya yi magana da harshen ɗan kasuwa. Hujjar hakan ba a ɗakin karatu take ba. Sai ya zaga rumfuna, ya tambayi masu sari wace irin buta ake dawo musu da ita, ya auna, ya ɗauki hotuna, ya rubuta inda ya je da ranar da ya je.

Ƙarfen zubi, inda kuɗin yake

A nan ne yawancin takardu ke faɗuwa. Kayan roba ba a sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya. Ana narkar da ƙwayar roba ne, a tura ta ko a hura ta cikin wani ƙarfe mai rami da aka fafe daidai da siffar kayan. Wannan ƙarfen zubi sau ɗaya ake yin sa, yana da tsada, kuma galibi daga waje ake odarsa, musamman daga ƙasar Sin, da dala. Da zarar an yanka shi, gyara kuskure na iya nufin sake wani sabo. Kowane ado da mai zane ya ƙara yana da farashi a jikin ƙarfen. Idan ya yanke shawarar yi wa butar murfi, ya san ya ƙara ƙarfe na biyu ke nan.

Saboda haka dole takardar ta raba kuɗi gida biyu: wanda za a kashe sau ɗaya, da wanda za a riƙa kashewa a kan kowace buta. A ɗauka, don misali kawai, ƙarfen ya ci Naira miliyan 12. Idan aka sayar da buta 100,000, kowace ta ɗauki Naira 120 daga kuɗin ƙarfen. Idan kasuwa ta tsaya a 20,000, kowace ta ɗauki Naira 600, kuma babu mai sayen buta da zai yarda ya biya wannan ƙari alhali ga ta maƙwabci da araha. Wannan ɗan lissafi mai layi uku ya fi hotuna goma tasiri a wajen mai masana'anta, domin yana nuna masa adadin da sai ya sayar kafin ya fara ganin riba. Mai zanen da ya kawo adadi mafi daɗi kaɗai, ya ɓoye mara daɗin, ya sani cewa wanda ke gabansa ya daɗe yana wannan lissafi da ka.

Nauyin kayan ma lissafi ne. Ƙwayar roba da kilo ake sayenta, ko daga kamfanin Indorama da ke Eleme kusa da Fatakwal ko daga masu shigo da ita, don haka rage giram goma a jikin buta ɗaya ya zama kilo 1,000 a buta 100,000. Amma a rage fiye da kima, butar ta fashe a rana, sunan masana'anta ya ɓaci. Takarda mai kyau tana faɗin nauyin da aka zaɓa da dalilin zaɓarsa. Haka kuma tana tabbatar da cewa injinan da masana'antar ke da su za su iya aikin, abin da ba a sani sai an shiga an gani da ido.

Game da farashi, tun bayan da aka saki canjin Naira a watan Yunin 2023, da kuma ƙarin kuɗin wuta ga masu rukunin A a watan Afrilun 2024, rubuta adadi babu wa'adi ganganci ne. A rubuta farashin ƙarfe da kuɗin da za a saye shi da shi, a faɗi canjin da aka yi amfani da shi da kwanan watansa, a kuma bayyana cewa tayin na kwana 30 ne ko makamancin haka. A fayyace ko harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 yana ciki ko yana waje.

Sauran aikin a raba shi mataki-mataki, kowanne da abin da za a miƙa da kuɗin da za a biya: bincike, zanen farko, samfurin gwaji, sannan zanen ƙarshe mai ma'auni da za a tura wa maƙerin ƙarfe. A ƙayyade sau nawa za a yi gyara kyauta, in ba haka ba Alhaji zai riƙa kira kowane mako da sabuwar shawara daga abokansa. Kafin a yanka ƙarfe kuwa, lallai mai aikin ya riƙe samfurin a hannunsa, ya zuba ruwa a ciki, ya sa hannu a takarda cewa ya amince.

Wa ya mallaki ƙirar?

Wannan shi ne sashen da ake jin nauyin rubutawa, kuma shi ne ke raba zumunci daga baya. Dokar da ke kula da shi a Najeriya ita ce Dokar Ƙirƙire-ƙirƙire da Zane-zane ta 1970. Ta tanadi cewa idan an yi zane a cikin aikin albashi, ko a ƙarƙashin kwangilar yin wani takamaiman aiki, mallakarsa tana hannun wanda ya ba da aikin. Ma'ana, mai zanen da ya karɓi kuɗin aiki bai rubuta komai ba, sai ya wayi gari butarsa ta cika kasuwa, ba shi da abin da zai nema bayan ladan da ya riga ya karɓa. Idan yana son wani abu fiye da haka, kamar kaso a kan kowace buta da aka sayar, ko damar sayar da ƙirar ga wata masana'anta bayan wasu shekaru, a takardar gabatar da aiki zai fara faɗa, sannan ya shiga yarjejeniya da sa hannun ɓangarorin biyu. Shi ma mai masana'anta rubutun yana kare shi, domin ba zai so ya kashe miliyoyi a ƙarfe ba, sannan ya ga siffar a hannun abokin hamayyarsa.

Ana yin rajistar zane a Abuja, a ofishin rajistar tambura da ƙirƙire-ƙirƙire da zane-zane da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Rajistar tana aiki na shekara biyar, ana iya sabunta ta sau biyu, jimilla shekara 15. Sharaɗinta shi ne zanen ya kasance sabo, wato bai riga ya bayyana ga jama'a ba kafin ranar neman rajista. A nan matasa da yawa ke yi wa kansu illa ba da sani ba: wanda ya ɗora hoton samfurinsa a Facebook ko ya yaɗa shi a zaurukan WhatsApp don neman yabo, yana iya rushe sabuntar da doka ke nema. Dokar ta yi rangwame ga wanda ya nuna zanensa a baje kolin da hukuma ta shirya ko ta amince da shi, muddin ya nemi rajista cikin wata shida. Ta kuma ba mai nema damar a ajiye zanensa a rufe har tsawon wata 12, abin da ke da amfani ga wanda ke jiran ƙarfensa ya iso.

Akwai wani bambanci da ya kamata takardar ta kula da shi. Rajistar zane siffa da layi da launi take karewa, ba ta kare abin da aka yi don cimma wata manufa ta aiki kaɗai. Idan sirrin butar yana cikin wata dabara ce ta yadda murfinta ke kullewa, wannan batun shaidar mallakar ƙirƙira ne, wadda wa'adinta shekara 20 ne kuma sharuɗɗanta sun fi tsauri. A nan kuɗin ganin lauya ba asara ba ne, kuma ya kamata ya fito a cikin kasafin aikin.

Saboda wannan dalili ne masu gogewa ba sa zuba komai a takardar farko. Suna nuna siffa gaba ɗaya da lissafin riba, su riƙe zanen mai ma'auni har sai an sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri ko an biya kason farko. A ƙarshen takardar sai a haɗa shaidar rajistar kasuwanci ta hukumar CAC da hotunan ayyukan baya, a kuma ware lokaci da kuɗi don binciken hukumar SON, wadda ke ba kayan da aka ƙera a cikin gida shaidar inganci ta MANCAP. Idan banki ko hukumar gwamnati za a kai wa, a nemi fom ɗinsu da jerin takardun da suke buƙata tun kafin a fara rubutu, domin kowace tana da tsarin da take karɓa.