Yadda launi da kwali ke juya zaɓin yara, da darasin da ke ciki ga Yawuri

A shagunan tireda na Yelwa, sau da yawa yaro kan riga mahaifiyarsa yanke shawara. Tun bai iya karatu ba ya san ledar biskit mai ja da rawaya. Busasshen kifin tafkin Kainji, gyaɗa da ƙuli-ƙuli kuwa, waɗanda suka fi gina jiki, a faranti ake tallarsu ko a ƙulle cikin farar leda. A idon yaro, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

A 2007, masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun bai wa yara 63, 'yan shekara 3 zuwa 5, abinci iri ɗaya kashi biyu: ɗaya a takardar kamfanin McDonald's, ɗaya a takardar da ba ta da tambari. Yaran sun fi cewa na cikin takardar kamfanin ya fi daɗi, har da karas da madara. A 2010 wani binciken na Jami'ar Yale kan yara 40 ya nuna cewa zanen katun a jikin leda na ƙara musu son abin da ke ciki, sai dai tasirinsa a kan karas bai kai na kayan zaƙi ba. Wato ado na taimakon abinci mai amfani, amma shi kaɗai ba ya kayar da alewa.

Ƙasar Chile ta tunkari matsalar ta hanyar doka. Daga 2016 ta wajabta buga baƙin tambari mai kusurwa takwas a jikin abincin da sukari, gishiri ko kitse ya yi wa yawa, ta hana sanya masa zanen katun, ta kuma hana sayar da shi a makarantu. Meziko ta bi sahu a 2020.

A Jihar Kebbi, fannin lafiya ne ya fi cin moriyar wannan dabara. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna cewa kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran jihar na ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, adadin da ya fi na kowace jiha. Yaron da ya tofar da magani saboda ɗaci bai sha magani ba. Shi ya sa a 2009 aka fito da nau'in Coartem na yara, mai zaƙi, mai narkewa a ruwa, wanda ake shiryawa gwargwadon nauyin yaro, da hotunan da ke nuna lokutan sha. Haka ma ƙwayar bitamin A: shuɗiya ta 'yan wata 6 zuwa 11 ce, ja kuma ta 'yan wata 12 zuwa 59. Zaƙin na lallashin yaro ne, launin kuma jagora ne ga uwa da ma'aikacin lafiya, musamman a tsibirai da ƙauyukan gaɓar ruwa na Ngaski da Shanga, inda asibiti ke da nisa.

Sai dai akwai haɗari. Maganin da ya yi kama da alewa na iya jawo yaro ya sha shi ba da sanin kowa ba, don haka wajibi ne a ajiye shi inda hannunsa ba zai kai ba.

Gyaran da ya rage yana hannun masu sarrafa abincin gida da iyaye. Garin kifi ko ƙuli-ƙuli a ƙaramar leda mai tsafta, mai launi da hoton kifi ko kwalekwale, tare da rajistar NAFDAC, zai iya zama kusa da biskit a kanta. Iyaye kuma na iya koya wa yara neman tambarin ido da ke jikin sukari, fulawa da man girki, alamar an ƙara musu bitamin A, kamar yadda suka koyi gane ledar alewa da kansu.