Wane Littafin Turanci Za Ka Saya Wa Ƙaninka?

Jama'a, mu haifaffun Madina, Hausa muke a gida, Larabci a makaranta, Turanci kuwa sai a hankali. Tun 2021 Saudiyya ke koyar da shi daga aji ɗaya, amma littafin makaranta kaɗai ba ya isa.

Bara kawu ya zo Umra daga Kano, ya kawo wa ƙanina Things Fall Apart. Wallahi shafi biyu yaron ya yi ya ajiye, wai shi dai ba ya iya Turanci! Sai na samo masa Oxford Bookworms, mataki na ɗaya, mai kalmomi 400. Ya cinye shi tas.

Yanzu in mun shiga kanti, shi ke zaɓen labari. Ya buɗe tsakiya ya karanta shafi guda, in kalmomin da suka shige masa duhu sun wuce biyar, mu mayar mu ɗauki na ƙasa da shi.