Yadda Ake Ƙara Wa Ƙaramin Injin Sassaƙa Ƙarfe Dakewa

Injin sassaƙa ƙarfe na'ura ce mai wuƙa mai haƙora wadda ke juyawa da sauri tana feƙe ƙarfen da aka ɗaure a kan tebur. Irin na masana'anta, kamar Bridgeport na Amurka, yakan kai kusan tan guda. Akwai kuma ƙanana, irin su Sieg X2 na birnin Shanghai a ƙasar Sin, waɗanda masu sha'awar ƙere-ƙere a Amurka da Turai ke ajiyewa a gida. Nauyin wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Babbar matsalarsa ita ce rashin dakewa, wato yakan ɗan lanƙwasa yayin da wuƙa ta ciji ƙarfe. Ido ba ya ganin lanƙwasar, amma ko da ba ta kai kaurin silin gashi ba, ta isa ta ɓata awon aiki, ta jawo karkarwa da ƙara, har ta karya wuƙa mai tsada.

Tsawo da Kauri

Ɗalibi na iya gwada ƙa'idar farko a aji. Ya danne rula a bakin tebur, ya bar santimita 20 a waje, ya taɓa ƙarshenta. Sannan ya mayar da abin da ya fito santimita 10. Nan take zai ji ta yi tsauri ƙwarai. A lissafi, idan aka rage tsawon zuwa rabi, lanƙwasar kan ragu zuwa kashi ɗaya cikin 8. Kauri ma ya fi haka tasiri: wuƙa mai kaurin milimita 12 ta fi mai milimita 6 dakewa sau 16, in tsawonsu ɗaya. Saboda haka gyaran farko ba ya cin ko kwabo. A tura wuƙa ciki sosai, a zaɓi mai kauri, a kuma sauko da kan injin kusa da tebur.

Darasi Daga Ƙashi

Tun a shekarar 1638 masanin nan na Italiya, Galileo, ya lura cewa ƙasusuwan tsuntsaye da karan alkama suna da rami a ciki, amma suna jure lanƙwasa. Dalili kuwa shi ne, idan sanda ta lanƙwasa, gefe ɗaya kan miƙe, ɗayan ya takure, tsakiya kuwa kusan ba ta ɗaukar komai. Don haka ƙarfen da aka sa nesa da tsakiya shi ke yin aiki. Wannan ne ya sa masu X2 ke ɗaure farantin ƙarfe mai kauri a bayan ginshiƙin injin, ko su tokare shi da ƙarfe mai kusurwa uku har zuwa gindi.

Gaɓoɓi

Sai dai inji, kamar jikin dabba, ya fi rauni a gaɓa. An ƙera ginshiƙin X2 na asali yadda zai karkata digiri 45 hagu ko dama, kuma babban noti guda ne ke riƙe da shi. Lanƙwasar kowane sashe tana taruwa ne a kan ta sauran, har ta isa bakin wuƙa. Ke nan wanda ya ƙarfafa ginshiƙi ya bar wannan mahaɗa ya yi asarar kuɗinsa. Mutane da yawa kan musanya shi da ginshiƙin da ba ya karkata, wanda aka ɗaure da notuna da dama. Haka kuma akwai siraran ƙarafa a hanyoyin da tebur ke zamewa. A matse su daidai, a kuma kulle duk hanyar da ba a amfani da ita lokacin yanka.

Kashe Karkarwa

Dakewa daban, kashe karkarwa daban. Ana yin jikin inji da zubabben ƙarfe ne, ko da yake bai kai sitil dakewa ba, domin ɓarɓashin girafayit da ke cikinsa, wato sinadarin bakin fensir, yana shanye girgiza. Wasu kan cika ramin ginshiƙi da tsakuwa haɗe da gam na ifoksi. Wannan yana ƙara nauyi ya rage ƙara, amma abin da yake ƙara wa dakewa kaɗan ne, tun da a tsakiya yake zaune.

Kammalawa

Kafin a sayi komai, ya kamata a auna. A kafa agogon awo a kan tebur, allurarsa na taɓa kan injin, a tura kan da ƙarfin da aka sani, a rubuta abin da ya nuna. Sannan a yi gyara ɗaya tak, a sake aunawa, domin a san wanne ne ya yi amfani. Bayan kowace kwancewa kuma wajibi ne a daidaita ginshiƙi ya tsaya cak bisa tebur, in ba haka ba injin zai dake, amma ya riƙa yanka a karkace.